Estill Mai Fegi da Alfadarin Goggo Zelpha

A shekarar 1978 ne Estill Brashear ya fara haɗuwa da Goggo Zelpha Maggard, kuma haɗuwar ba ta yi daɗi ba. Shekarar ce sabuwar dokar haƙar kwal ta iso mana kwarin Tarpley, a gabashin Kentucky. Kafin nan kamfani yakan sa katafila ta fara yanke kan dutse daga inda direba ya ga dama, ta tsaya inda mai ya ƙare mata. Sabuwar doka ta ce a'a. Kafin a taɓa ƙasa sai an kewaye wurin da aka ba da izini da alamu masu ƙwari, iri ɗaya, waɗanda ido zai hango daga nesa, kuma su zauna a tsaye har a gama aiki a mai da ƙasa. To, alamu ba sa kafa kansu. Sai aka nemo Estill.

Da can a ƙarƙashin ƙasa yake aiki, har ranar da rufin rami ya zubo masa a ƙafar hagu. Ya fito da rai, amma da ɗingishi, ga mata, Opal, ga 'ya'ya huɗu. Manajan kamfani, Doyle Fugate, ya ba shi aikin fegi don shi ne aikin da ba wanda yake so. Safiyo, masu awon ƙasa, su zo da na'urarsu su nuna layi su tafi, shi kuma ya bi bayansu da damin fegin katako a kafaɗa, da guduma, da naɗin ƙyallen leda mai ruwan lemo. Ya kafa, ya rubuta lamba, ya ɗaura ƙyalle, ya ja ƙafa zuwa na gaba. Aikin ya fi yadda ake ganinsa nauyi. Direban katafila ba ya karanta taswira, ba ya jin kiran mutum saboda ƙarar inji, amma in ya hango ƙyallen nan sai ya taka birki kamar ya ga matarsa tsaye a ƙofar mashaya.

Estill dattijon coci ne tun bai tsufa ba, kuma ba ya ƙarya. Wasu sun ce tsoron Allah ne. Opal ta ce har da kunnuwa, don ko ƙaramar ƙarya ya gwada sai su yi ja wur kamar an dafa su, kowa ya gani.

Ya gama kafa layin gefen kudu, ya koma dubawa bayan mako, sai ya tarar babu ko fegi ɗaya. Ramukan ne kawai suke kallonsa. Ya sake kafawa, suka sake ɓacewa. Ya zargi yara, ya zargi mafarauta, har ya fara zargin kansa. Ana cikin haka sufeton gwamnati, wani siririn mutum mai suna Pruitt, wanda takalmansa ba sa ɗaukar laka ko da damina, ya zo ya zaga, bai ga alama ba, ya yanka wa kamfani tara.

Doyle ya kira Estill ofis. "Ka ga wannan takardar? Ta fi albashinka na wata uku. In Pruitt ya dawo ya sake rubuta irinta, ka ɗauki gudumarka ka je ka fasa gyaɗa da ita a gida."

Abin da ya tona asirin shi ne kashin dabba. A kan hanyar da ta gangara kudu Estill ya ga tulin kashi, a ciki kuwa ga ƙyallensa mai ruwan lemo, an tauna an haɗiye an dawo da shi. Ya bi sawu har ya fito bayan wani ƙaramin gidan katako. A bakin shinge ga wani tsohon alfadari yana tauna wani abu, jelar ƙyalle tana lilo a leɓensa. A lambu kuwa ga feginsa a jere, sahu sahu, kowanne an ɗaura masa tumatir. Wata tsohuwa gajera, da hular maza a kanta da garin taba a leɓe, tana tsakiya tana cire ciyawa.

"Sannu da aiki, Goggo."

"Kai ɗan wa ne?"

"Estill Brashear, daga bayan dutse."

"Brashear. Na san kakanka. Shi ya sayar wa mijina karen farauta mai tsoron zomo. Me kake so?"

"Fegina, Goggo."

"Wane feginka?"

"Waɗannan. Ga lambar da na rubuta da hannuna."

Ta sunkuya ta duba lambar kamar yau ta fara ganinta. "Ni dai a daji na tsince su. Wani marar aikin yi ne ya bi dutse yana shuka busasshen itace. Na jira, ba abin da ya tsiro, na ce bari in ba su sana'a."

"Doka ce, Goggo. Gwamnati ce ta ce a kafa."

"Gwamnati tana cin tumatir?"

"Ban sani ba, Goggo."

"To ka je ka tambayo. Gwamna, tofar da abin mutane!" Da alfadarin take. Gwamna ya dubi Estill ido cikin ido ya haɗiye.

Duk da haka ba ta bar shi ya tafi da ƙishi ba. Ta tara moɗa a bakin wani baƙin bututu da ke zuba a ƙwarya kusa da baranda, ta miƙa masa. Estill ya sha ruwa mai sanyi har haƙora, mai daɗin da bai taɓa ji ba. Ta gaya masa daga idon ruwa yake gangarowa, can sama, a ƙasar da marigayi mijinta Lonzo ya sayar wa kamfani ya sayi a-kori-kura, motar da ta riga shi mutuwa. Abu ɗaya Lonzo ya yi na hankali, in ji ta: ya sa an rubuta cewa iyalinsa suna da ikon binne nasu a kan tudun da idon ruwan yake. Shi ma can yake kwance.

"Ranar da ruwan nan ya ƙafe," in ji ta, "ranar 'yata Glenna za ta zo ta kwashe ni zuwa Dayton, ta ajiye ni a bene ina ƙirga motoci ta taga. Ta daɗe tana jira. Ka gaya wa masu katafilarka."

Estill ya koma ba fegi ko ɗaya. Bai iya tuge su daga jikin tumatirin gwauruwa ba, sababbi kuma ba su iso daga injin katako ba. Bai gaya wa Goggo Zelpha aikinsa na rawa ba. Opal ce ta faɗa wa matan coci ranar Lahadi, a matsayin roƙon addu'a, kuma a kwarinmu roƙon addu'a ya fi rediyo saurin kai labari.

Ranar da Pruitt ya dawo, su uku suka hau gefen kudu: Pruitt a gaba da littafin doka, Doyle a tsakiya yana haki, Estill a baya yana tunanin yadda zai gaya wa Opal. Suna fitowa kan layin sai suka tsaya cik. Fegi na tsaye, dukansu, kowanne a tsohon raminsa. Kowanne da ƙyalle mai ruwan lemo, amma na yadi, an yanko daga tsohon labule. Kuma a gindin kowanne ga tumatir an dasa, an ɗaure, an ba shi ruwa, wasu har da 'ya'ya jajaye. Goggo Zelpha tana zaune a kan kututture, Gwamna na gefe da takunkumi a baki da jarkoki biyu a baya.

"Mene ne wannan?" in ji Doyle.

"Gadi nake yi wa gwamnati," in ji ta. "Akwai ɓarayi a dajin nan."

Pruitt ya fiddo tef ya auna. Daidai. Ya buɗe littafi ya karanta da yatsa: masu ƙwari, iri ɗaya, ana gani daga nesa. Ya juya shafi, ya dawo, ya sake juyawa.

"Babu inda aka ambaci tumatir," ya ce a ƙarshe, kamar mai baƙin ciki.

"Ɗebi ka kai wa iyali, ɗan nan."

"Ba ma karɓar kyauta, Goggo."

Ta kai sanda ta ƙwanƙwasa reshe, ɗaya ya faɗo ya gangara har gaban takalminsa mai ƙyalli. "Wannan ba kyauta ba ne, faɗuwa ya yi." Pruitt ya duba hagu ya duba dama, ya ɗauka ya goge a riga ya ci. Ta ba shi ruwan jarka ya kora. Bai rubuta komai ba ranar.

Kowa ya yi dariyar abin a shagon Tarpley har sanyi ya shigo. Estill ne kaɗai bai yi dariya sosai ba, don shi ne yake bin layin, shi ya ga abin da ya biyo baya. Tumatir babba ba ya son a tuge shi. Fiye da rabi ya bushe a jikin fegi. Da ya leƙa ɗakin ajiyarta a kaka, kwalaben da takan cika don hunturu yawancinsu wofi ne. Ya kawo maganar, ta ce masa ita dama ta gaji da tumatir, ya kama gabansa.

Tun daga nan aka yi sulhu. Kowace bazara Estill yakan ajiye mata damin fegi masu tsaga a baranda, waɗanda ya ce ba su cika ƙa'ida ba. Ita kuma ta bar na kan layi, sai dai in ta matsu. Gwamna bai sa hannu a sulhun ba. Ya ci gaba da cin ƙyalle har ƙarshen ransa, kuma Estill yakan ce a duk jihar babu wanda ya san iyakar kamfani kamar dabbar nan, don ta bi ta da baki daga farko har ƙarshe.

Gwamna ya mutu a 1985, a tsaye, yana jingine da shinge. Goggo Zelpha ta ce ba za a ja shi a jefa wa ungulu ba. A tudu za a sa shi, kusa da idon ruwan da ya yi shekaru yana ɗauko mata. Estill ne ya haƙa ramin, shi kaɗai, ranar Asabar, da shebur da ƙafa ɗaya da rabi. Wanda bai taɓa haƙa kabarin alfadari ba bai san girman alfadari ba. Ta kafa dutse marar rubutu a wajen kai, irin wanda ta kafa wa Lonzo can sama da shi kaɗan, ta yi addu'a. Estill ya cire hula, don bai san abin da ya kamata dattijon coci ya yi ba.

"Hali ɗaya gare su," in ji ta. "Sai dai wannan ya fi kawo ruwa."

Labari ya zaga cewa ta binne alfadari da addu'a, amma ba wanda ya damu ya tambayi wa ya yi haƙan, Estill kuma bai ga abin alfahari a ciki ba.

A hunturun 1991 abubuwa biyu suka faɗo tare. Goggo Zelpha ta zame a kan ƙanƙara ta karya ƙugu, Glenna ta tafi da ita Dayton jinya. Kamfani kuma ya sami izinin faɗaɗa aiki zuwa kudu. Da Estill ya bi sabon layin safiyo, sai ya ga ya gangara ya haɗiye tudun gaba ɗaya, har da idon ruwan. Gidan Goggo Zelpha kuwa yana nesa da layin, doka ba ta hana ba. Kamfani ya rubuta wa Glenna cewa zai riƙa kawo ruwa a tanki. Glenna ta amsa cewa ba sai sun wahala ba, Mama ba za ta dawo ta sha ruwan mota ba, da bazara za su zo kwashe kaya.

Akwai wata ƙa'ida a dokar da kowane mai fegi ya sani: ba a taɓa ƙasa cikin ƙafa ɗari daga inda aka binne mutum. Kabarin Lonzo ba ya kan taswira, don ƙaya ta rufe shi. Estill ya hau da adda ya share. Ya auna ƙafa ɗari daga dutsen sama, tef ya ƙare idon ruwa yana can gaba, a waje. Ya tsaya ya daɗe yana kallon dutsen ƙasa, na Gwamna. Sa'an nan ya share shi ma, tas, ya auna daga nan. Idon ruwa ya faɗo ciki, har da rara. Ya kafa fegi ya kewaye duka biyun, ya ɗaura ƙyalle har wurin ya zama kamar ana biki.

Direban katafila ya iso ya taka birki. Aka kira Doyle, Doyle ya kira Pruitt. Shekaru sun ƙara wa Doyle tumbi, sun rage wa Pruitt gashi, amma takalman suna nan yadda suke.

"Kabari biyu," in ji Pruitt.

"Ɗaya!" in ji Doyle. "Ɗayan alfadari ne, duk garin nan an sani. Doka ba ta ce a ba alfadari ƙafa ɗari ba."

"Ba ta ce ba. Wanne ne alfadarin?"

Doyle ya dubi dutsen sama, ya dubi na ƙasa. Duwatsun rafi ne, ba rubutu, gansakuka ta rufe su duka. Ya juyo. "Estill, kai ne ɗan gidanta. Wanne ne Lonzo?"

Estill ya ja hularsa ta sanyi ta rufe kunnuwa, ko da yake bai kai ga buƙata ba tukuna. "Ban je jana'izar Lonzo ba, Doyle. Lokacin ban san kwarin nan ba."

Gaskiya ce tsantsa, kunnuwa ba su motsa ba. Amma ya san akwai tambaya ta biyu, ta inda aka binne alfadarin, kuma in aka yi ta ba shi da mafita. Ko ya faɗi gaskiya ruwan ya tafi, ko ya yi ƙarya kunnuwa su ƙone hular.

Doyle bai yi ta ba. Ya sauka shago ya kwaso tsofaffi biyu da suka ɗauki gawar Lonzo. Na farko ya rantse dutsen sama ne, don ya tuna hawan ya kusa kashe shi. Na biyu ya rantse na ƙasa ne, ya ce na farko a buge yake ranar, shi ya sa ko'ina ya zame masa hawa. Suka koma kan wata tsohuwar rigima ta kan iyakar gona, sai da aka raba su. Doyle ya buga waya Dayton. Goggo Zelpha ce ta ɗauka, ta ji an ce kamfani, ta ce, "Ba ma saye!" ta kife.

Suka sake haɗuwa a tudun. Pruitt ya ce hanya ɗaya ta rage, a tona a gani, wannan kuwa sai da izinin kotu da na iyali, kuma aiki zai tsaya har a gama. Doyle ya yi lissafin katafila uku a tsaye suna cin kuɗi, fuskarsa ta yi kalar ƙyallen.

Sai Pruitt ya juya ya dubi Estill. Ya dubi hular da aka ja har wuya, ya dubi dutsen ƙasa, inda ƙasar ta ɗan lotsa da faɗin da ya fi na mutum ko da ƙato ne. Estill ya ga tambayar ta taso masa har leɓe. Ya ji kunnuwansa sun fara ɗumi tun ba a yi ta ba. Pruitt ya taka a hankali zuwa idon ruwan, ya tsuguna, ya tara hannu ya sha. Laka ta taɓa takalminsa, bai kula ba.

"Tun da ba a tabbatar ba," ya ce yana goge baki, "ƙafa ɗari daga kowanne. Fegin Brashear su zauna inda suke."

"Alfadari!" in ji Doyle. "Zan bar kwal na dubban daloli saboda alfadari!"

"Ko saboda Lonzo," in ji Pruitt. "Ka riƙa tauna magana, wataƙila a kansa kake tsaye."

Doyle ya yi tsalle gefe.

Aka yanke dutsen ta gabas da yamma, aka bar tudun tsaye shi kaɗai da itatuwansa, kamar tukkun da wanzami ya manta. Idon ruwan ya ragu, ba a ce bai ragu ba. Amma bai ƙafe ba.

Da bazara Glenna ta kawo uwarta da motar haya da kwalaye na kwashe kaya. Goggo Zelpha ta sauko da sanduna biyu, ta tsaya a tsakar gida tana saurare. Bututu yana zuba a ƙwarya, siriri, amma yana zuba. A baranda ga damin fegi masu tsaga. Ta tara moɗa ta sha, ta ce wa Glenna ta mai da kwalayen inda ta samo su. Aka yi rigima har maƙwabta suka ji, Glenna ta koma Dayton da kwalaye wofi.

Bayan kwana biyu ta sa Estill ya kai ta tudun a motarsa. Ta dubi da'irar ƙyalle, ta dubi dutsen sama, ta dubi na ƙasa, ta bi layin da ido har inda ya zagaye ruwan. Estill yana gefe yana gyara wani fegi da ba abin da ya same shi.

"Wa ya auna wannan?"

"Doka ce, Goggo."

"Doka." Ta tofar da taba. "Doka ce ta haƙa ramin ma, ko?"

Kunnuwan Estill sun yi ja wur, ko da yake bai faɗi komai ba.

Ta nuna wani fili da sanda, dab da dutsen ƙasa. "In lokacina ya yi, nan za ku sa ni, gefen Gwamna. Lonzo ya saba kwana shi kaɗai. Kada wani ya zo wata rana ya ce ɗan Brashear ya yi awon banza."

Sa'an nan ta kama fegin da ya fi kusa da ita, ta girgiza shi ta ji ƙwarinsa, ta ce wannan katakon ya fi wanda yake kawo mata kyau, kuma ta lura.